Abin da Ban Yi wa Dije Ba

Shinkafi,
Talata, bayan azahar.

Zuwa ga ɗiyata Sa'adatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar uwa, ina roƙon Allah ya sa lokacin da za ki buɗe wannan takarda kin riga kin sauka Ƙaura lafiya, kin sha ruwa a ɗakin Goggonki, kin miƙe ƙafa. Allah ya tsare motarku tun daga bakin tasha har inda za ta tsaya. Ya sa ku wuce duk inda ake jin tsoro a hanyar nan ba ku ga kowa ba sai manoma a gonakinsu.

Kin fita sallama gidan kawunnanki, ni kuma na kasa zama. Na buɗe jakarki na rufe har sau biyu. Na sa miki kuka da daddawa, na cire, na sake mayarwa. Na ɗora ruwa a wuta ban san me zan yi da shi ba. Daga baya na gane abin da ke damuna ba a jakar yake ba. Magana ce, kuma in na tsaya gabanki ba za ta fito ba, sai in ɓige da ce miki ki riƙa cin abinci. Shi ya sa na yagi takarda a tsohon littafinki na zauna a bakin gado.

Za ki fara aikin mataimakiyar malama a ajin yaran nan masu otizim, waɗanda na ji wasu a rediyo suna ce wa masu galahanga. An yi muku bita ta mako biyu, kin dawo da takardu kina murna. Ranar da kika je kitso na ɗauke su na karanta a hankali, da ɗan Turancin da ya rage mini. Sa'adatu, duk shafin da na buɗa sai in ga yarinya guda da na sani. Na ajiye takardun na fita tsakar gida na yi ta sharar da ba ta da dalili.

Kin san na yi aikin nani a wata ƙaramar makarantar kuɗi lokacin da aikin Babanki ya kai mu Zurmi, kina aji huɗu a firamaren gwamnati. Abin da ba ki sani ba shi ne yadda na yi aikin. Ranar da aka ɗauke ni, hedimasta, Malam Lawali, ya nuna mini aji ya ce, "Ki taimaki Malama Binta, ki kai yara bayi, ki share musu majina, ki hana su faɗa." Horon da na samu ke nan, a tsaye, a bakin ƙofa.

A zango na biyu aka kawo Dije. Shekarunta shida. Iyayenta makiyaya ne da suka baro ruga suka shigo gari bayan an kwashe musu yawancin dabbobinsu. Ba ta kallon fuskar mutum. Ba ta amsa sunanta. Tana shigowa aji za ta nufi taga, ta fiddo tsakuwoyi daga aljihun rigarta ta jera su ɗaya bayan ɗaya, in wani ya taɓa guda sai ta soma daga farko. Wasu suka ce iska ce, ni ma a zuciyata haka na ɗauka. Malam Lawali ya ce, "Anti Rabi, wagga taki ce." Ban tambayi komai ba, na ce to.

A makarantar akwai tsohon wilin mota rataye a jikin bishiyar dogon yaro, shi ake bugawa da ƙarfe in za a yi taron safe, ko fita tara, ko tashi. Da an buga sai Dije ta toshe kunnuwa da hannu biyu ta tsuguna. Ni kuma sai in ga ai rashin tarbiyya ne yara na tsaye a layi ita tana tsugune. Sai in ɓamɓare hannayenta daga kunnuwan in miƙar da ita. Ta yi ta ihu, ta kwanta a ƙasa, ta buga kai. In rungume ta ta baya in matse da iya ƙarfina har ta gaji. Wata rana ta cije ni a wuyan hannu, tabon da kika taɓa tambayata na ce miki tukunya ce. Makonni muka yi a haka, kullum sau uku. Ina komawa gida da ciwon kafaɗa ina cewa yarinyar nan muguwa ce.

Ba wayona ne ya warware abin ba. Wata safiya aka yi ruwa, ni da ita muka makara, muka iso an riga an buga ƙarfen. Ranar har tara ba ta yi kuka ba. Ina zaune ina kallonta tana jera tsakuwarta sai na gane ƙarar ƙarfen ce. Da lokacin tara ya matso na kama gefen rigarta muka zaga bayan aji, nesa da bishiyar, na bar ta ta toshe kunnuwanta yadda take so. Aka buga, aka gama, ta sauke hannu da kanta. Shi ke nan. Abin da yarinyar ke yi tun farko shi ne maganin, ni ce nake ƙwace mata shi.

Don haka in yaro ya birkice miki, kafin ki kalli abin da yake yi, ki waiga ki duba abin da ya faru gab da ya soma. Ƙara ce, ko haske, ko wani ya sauya masa wurin zama, ko an ce za a yi abu kaza aka fasa ba a gaya masa ba. Kuma ki koma wurin waɗanda suka yi muku bita ki ce su nuna miki da jikinsu, ba a takarda ba, inda za ki tsaya da abin da za ki yi da hannayenki in yaro yana buga kai. Na duba takardunki, layi uku kawai suka yi a kan wannan. Layi uku ba za su ishe ki ba ranar da abin ya zo. Ni da ban san komai ba ƙarfi na sa, don shi kaɗai gare ni.

Na ji ƙarar mashin a ƙofa na leƙa, na ɗauka ke ce. Maƙwabta ne. Bari in ci gaba kafin ki dawo.

Dije tana da wata kalma da take maimaitawa, musamman in rana ta take. Za ta zo kusa da ni, ba ta kalle ni ba, ta ce "ndiyam, ndiyam." Na ɗauka irin surutun da take yi wa kanta ne. Sai in ce mata ta je ta zauna. In ta nace in ɗaga murya. Zango guda cur, kuma lokacin bazara ne, kin san zafin Zurmi.

Uwarta, Hurera, tallan nono take yi, in an tashi ta biyo ta ɗauke ta da ƙwarya a ka. Kullum abin da nake tarar ta da shi ƙara ce: yau ta yi cizo, yau ta yaga littafi. Ita kuma ta sunkuyar da kai ta ce, "A yi haƙuri, Malama." Ni ba malama ba ce, amma haka take kirana. Ran nan tana isowa Dije ta nufe ta ta faɗi kalmar. Hurera ta sauke ƙwarya, ta ciro gora ta ba ta, yarinyar ta sha har tana sarƙewa.

Na ce, "Mi ta ce miki?"

Ta ce, "Ruwa take so. Haka muke ce ma ruwa."

Na ce, "Ai tun safe take faɗinta."

Ta ɗago ta dube ni. "Tun safe?"

Ta ɗauki ƙwaryarta, ta kama hannun ɗiyarta suka tafi. Randa na nan a bakin ajinmu, Sa'adatu, taku biyar daga inda nake zama.

Washegari na roƙi Hurera ta zauna da ni a inuwa. Kunya ba ta barinta ta kama sunan ɗiyar, ta fari ce, sai dai ta ce "yarinyar." A zama guda ta koya mini abin da na yi watanni ban gano ba. Kalmomin Dije shida ne, duk na Fillanci, ta faɗa mini ma'anar kowacce. Ta ce ba ta son hannun rigarta ya jiƙe, in ya jiƙe sai an cire. Ta ce in za a fita da ita, a nuna mata takalminta tukuna a ɗan jira. Ta ce in ranta ya ɓaci sosai, ba abin da ke kwantar da ita kamar ta jingina da maraƙi. Na ce me ya sa ba ta taɓa gaya mini ba. Ta ce, "Ba ki tambaya ba, Malama. Na ce ku masu karatu kun fi mu sani."

Ki soma da iyaye. Makon farko, kafin ki yi tunanin koya wa yaro ko harafi ɗaya, ki nemi uwarsa ki zauna ƙasa da ita. Ki tambaye ta me yake ci, me yake tsoro, yaya yake cewa yana jin fitsari, da wane harshe ake masa magana a gida. A Ƙaura za ki gamu da yaran da suka taso daga ƙauyuka daban-daban, wasu an gudo da su, sun rabu da ɗakin da suka sani da hanyar da suka saba bi. Irin waɗannan yaran sauyi ya fi yi musu zafi fiye da kowa. Kuma in uwa ta zo ɗauka, ki nemi abu ɗaya mai daɗi ki fara gaya mata, ko da cewa ne yau ya zauna a benci na ɗan lokaci. Matar nan ta ji ƙarar ɗanta a wurin kowa kafin ta iso gare ki.

Bayan wannan abubuwa suka yi sauƙi, sai na faɗa wani kuskuren da ya yi kama da alheri. Na soma son yarinyar, kuma ina so a ga aikina. In an ba da rubutu sai in ɗora hannuna a kan nata in ja fensir. Littafinta ya fi na kowa kyau a ajin. Malam Lawali har ya ɗaga shi ya nuna wa mahaifinta, mutumin ya yi ta godiya yana shafa shafin da yatsa, shi da bai iya karatun boko ba. Na tsaya a gefe ina jin daɗi, na san rubutuna ne.

Ban tsaya nan ba. Ni ke buɗe mata kwanon abinci, ni ke sa mata takalmi. In wata yarinya ta matso da tsakuwa a hannu tana so ta ba ta, sai in kore ta don kada a tayar mini da rigima. Wata rana da aka tashi na juya ina magana da wani, da na waigo sai na ga Dije tsaye a bakin ƙofa ta miƙa ƙafa ɗaya a sama tana jira. Yarinyar da ta zo makarantar nan tana sa takalminta da kanta. Ni na raba ta da abin da ta iya.

Gyaran ya ɗauke ni lokaci mai tsawo fiye da ɓarnar. Na koyi janye hannu kaɗan-kaɗan: daga kan yatsunta zuwa wuyan hannu, daga nan zuwa gwiwar hannu, har ya zama nuni kawai nake yi. Na koyi in faɗi magana sau ɗaya, gajeriya, in rufe baki in jira. Jiran nan shi ne mafi wuya a duk aikin. Kina gani za ki iya gama abin cikin ƙiftawa, ga malama tana kallonki, ga sauran yara sun gama. Ki jira duk da haka. Rubutunta na gaskiya ya fito a karkace, haruffa uku kacal, ba wanda ya ɗaga shi ya nuna wa kowa. In shugabarku ta fi son littafi mai kyau, ki gaya mata da ladabi wanda yaro ya yi da wanda kika yi. Kuma ki bar sauran yara su matso. Ke ba za ki bi shi har girmansa ba, su ne zai rayu a cikinsu.

An kira la'asar. Na yi salla na dawo, alƙalamin ma ya soma ƙin rubutu, na nemo wani a kan taga. Abin da ya rage ya fi nauyi, kuma na lura ina ta neman abin da zai tashe ni daga wurin nan.

Malama Binta ba muguwa ba ce. Yara sun yi mata yawa, murya ɗaya gare ta. Tun da aka ce Dije tawa ce, ta sakar mini ita gaba ɗaya. Shekara ɗaya da rabi ba mu taɓa zama ni da ita mun yi maganar yarinyar nan ba. Ba ta san abin da nake koya mata ba, ni ma ban san abin da ya kamata in koya mata ba, abin da ya faɗo mini nake yi. Akwai lokacin da aka kira bita a cikin gari kan yara masu bukata ta musamman. Takardar gayyata ta ce malamai. Malama Binta ta je kwana uku, ta dawo da jaka da ɗan littafi ta sa a durowa. Ni da nake tare da yarinyar daga safe har azahar ina aji ina gadin yara. Ban ce a tafi da ni ba. Ban ma ce ta ara mini littafin ba. Ina ganin nani ba ta da bakin tambaya, kuma ina tsoron a ce ban iya aikina ba.

Ba ni da hutun tara, don lokacin ne Dije ta fi bukatata. Sai in wuni ban ci ba, ban ko zaga ba. In na dawo gida ku nake sauke wa, kin tuna yadda nake yi muku tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ran nan a aji, ga zafi, ga ciwon kai, Dije ta zubar da kunu a jikina karo na biyu. Na kai hannu ƙarƙashin benci inda ba mai gani na mintsine ta a cinya da ƙarfi. Ba ta yi kuka ba. Ta juya ta kalli taga. Yarinyar da ba za ta iya zuwa gida ta faɗa ba, kuma na san da haka lokacin da na yi. Na nemi gafarar Allah a kan wannan fiye da yadda zan iya ƙirgawa.

Ina gaya miki ne don kada ki ɗauka kin fi ƙarfin haka. Kina da haƙuri, amma ni ma ana yabona da haƙuri a lokacin. Tun ba ki gaji ba ki je wurin shugabarku ki nemi abubuwan nan, ki neme su a matsayin kayan aiki kamar alli da allo. Lokacin da za ki fita ki ci abinci wani ya riƙe miki. Ɗan zama da malamar aji ko sau ɗaya a mako, ku biyu, ku duba kowane yaro. Mutum guda da ya fi ki sani wanda za ki iya kira a waya in abu ya ɗaure miki, kuma ya riƙa shigowa ajin yana ganin yadda kike yi yana gyara miki. In an kira bita aka ce malamai, ki tambaya ko akwai wurin mataimaka, in an ce babu ki sake tambaya a ta gaba. Ranar da kika ji hannunki yana ƙaiƙayi, ki ce wa malama, "Karɓe ni," ki fita ki wanke fuska. Wannan ba gazawa ba ce.

Sai ranar da ban je ba. Kin kwana da zazzaɓi, da safe na kai ki asibiti. Ba laifinki a ciki ko kaɗan, kada ki ɗora wa kanki. Laifin nawa ne, don duk abin da na sani game da Dije a cikin kaina yake. Ban rubuta ba, ban koya wa kowa ba. In faɗa miki gaskiya, ina jin daɗin a ce ba mai iya ta sai Anti Rabi.

Aka buga ƙarfen tara Dije tana tsakiyar fili. Malama Binta ta yi abin da na yi a farko, ta kama hannayenta. Dije ta fizge. Mai ruwa ya shigo da kurarsa ya bar ƙofar makaranta a buɗe. Kafin a ankara babu ita.

Saƙo ya same ni a asibiti, na bar ki wurin maƙwabciyarmu na fito ko mayafi ban gyara ba. Kin san abin da ke zuwa ran mutane a ƙasar nan in an ce yaro ya ɓata. Mahaifinta yana bin lungu-lungu yana kiran sunan da ya san ba za ta amsa ba. Hurera ta yar da ƙwaryar nono a bakin makaranta, ƙudaje sun rufe ta. Aka duba rijiyoyi. Aka duba tasha. Sai wajen la'asar ni da Hurera muka dubi juna, tunani ɗaya ya zo mana, muka bi gidajen da ke da turken shanu a bakin gari. A na huɗu muka same ta, zaune a ƙasa ta jingina da wani jan maraƙi, tafin ƙafarta cike da ƙaya. Lafiyarta lau. Hurera ta durƙusa a gefenta ba ta taɓa ta ba, sai da yarinyar ta miƙe da kanta.

Ki rubuta, Sa'adatu. Kowane yaro shafi guda: abin da ke tayar masa da hankali, abin da ke kwantar da shi, kalmominsa ko alamunsa, inda zai nufa in ya fita. Ki ajiye inda malama da duk wanda zai tsaya a madadinki za su gani. Ki sa wani ya riƙa karɓarki lokaci-lokaci tun kina nan, don yaro ya saba da wata fuskar. Ki duba ƙofar makarantarku ranar farko, ki san wa ke rufe ta.

Kwana biyu bayan haka Malam Lawali ya tara mu a ofishinsa. Shi, da Malama Binta, da mahaifin Dije, da ni. Hurera tana waje a gindin taga da yarinyar. Malam Lawali ya tsorata ƙwarai, kuma yana da gaskiya, da wani abu ya same ta shi za a kama. Amma bai yanke hukunci shi kaɗai ba. Ya juyo ya ce, "Anti Rabi, ke ke tare da ita. Ki gaya muna tsakaninki da Allah, muna iya riƙon yarinyar ga, ko ba mu iyawa?"

Na san amsar. Ana iyawa. A sa sakata a sama inda hannun yaro bai kai ba. A mayar da ƙarfen can bayan ofis. A bar ni in koya wa Malama Binta da mutum ɗaya abin da na sani. A ba ni littafin da ke durowa. Duk suna bakina a jere. Mahaifinta yana kallona, hularsa a hannu.

Sai na tuna da kafaɗata, da yunwar tara, da yadda ajin zai yi shiru. Na sunkuyar da kai na ce, "Sai yadda kuka gani, Malam."

Ya ɗan jira ko zan ƙara. Ban ƙara ba. Ya juya ya ba mutumin haƙuri, ya ce makarantar ba ta da ƙarfin irin wannan. Mahaifinta ya sa hularsa, ya yi mana godiya ɗaya bayan ɗaya, ya fita. Na ji Hurera tana ce wa yarinyar su tafi.

Ba da daɗewa ba na ji sun tashi sun koma wajen Jangeru wurin danginsu. Mu ma aikin Babanki ya ƙare muka dawo gida Shinkafi, ban sake neman aikin makaranta ba. Kin sha tambayata dalili ina ce miki gajiya.

Bara, wata Alhamis a kasuwa, ina tsaye wajen masu man shanu na ji an ce, "Malama." Hurera ce, ta tsufa, ni ma haka. Muka gaisa muka daɗe riƙe da hannun juna. Na tambayi Dije. Ta ce tana nan, ta girma, ita ke tatsa, kuma duk garken ba dabbar da ba ta sani ba, in ɗaya ba ta da lafiya ita ke fara ganewa. Na ce makaranta fa. Ta ce ba ta sake shiga aji ba, sun kai ta wurare biyu an ƙi karɓa. Sannan ta matse hannuna ta ce, "Ban manta da ke ba. Ranar nan a ofis ban ji abin da aka ce ba, amma na san kin tsaya mata. Allah ya saka miki."

Na ce amin. Ta cika mini kwano da man shanu ta ƙi karɓar komai. Na kawo shi gida, kuka ci da tuwo, ni ban iya taɓawa ba.

Ban taɓa gaya wa kowa wannan ba, ko Babanki. Ke ce ta farko, kuma na gaya miki ne don ranarki tana zuwa. Wata rana za a tara ku a ofis a kan wani yaro, kowa ya gaji, ke kin fi kowa gajiya, kuma ke ce ƙarama a ɗakin. Za a juyo a tambaye ki. Ki faɗi abin da kika sani. In ana iyawa ki ce ana iyawa, ki lissafa abin da ake bukata, har da abin da ke kanki kike bukata. In sun ƙi, sun ƙi, amma ki fito kin faɗa. Duk sauran abin da na roƙe ki ki nema, hutu da horo da mai taimaka miki, don kada ki isa ɗakin nan a irin halin da na isa ne.

Na ji muryarki a zaure kina gaisawa da Babanki. Zan naɗe takardar in tura ƙarƙashin zannuwanki.

Ku fita da hantsi in motoci sun fara wucewa, kada ku zama na farko a hanya, kada kuma ku kai yamma. Ki karanta addu'ar tafiya tun kafin ki sa ƙafa a mota. Da kin sauka ki kira ni, ko kalma ɗaya ce. Ki gaishe da Goggonki da mutanen gidanta.

Allah ya kai ki lafiya, ya zaunar da ke lafiya, ya tsare ki a hanya da cikin gari. Ya ba ki haƙurin da ba ya ƙarewa tun safe, ya haɗa ki da abokan aiki masu jin magana. Ya sa yaran da za a damƙa miki su sami sauƙi a hannunki, iyayensu su kwana da kwanciyar rai. Ya yafe mini abin da na gaza, ya rufa wa Dije asiri a inda take. Amin.

Wassalam.

Innarki,
Rabi